Yadda Za Ka Ci Moriyar Bikin Gudun Motoci na Goodwood: Jagora ga Mai Zuwan Farko

Kunne ne ke riga ido isa Goodwood. Tun kana bin layin shiga a ƙarƙashin bishiyoyi za ka ji wani inji ya kurma ihu daga can ciki, ya ɗauke, ya sake ɓarkewa, har ƙarar ta riƙa dukan ƙirjinka. Sai iska ta kawo warin fetur da na tayar da ta sha wuta. A nan ne yawancin sababbin zuwa ke yin kuskuren farko. Su ruga inda ƙarar ke fitowa, su maƙale a bayan dubban kawuna, rana ta yi sanyi ba su ga rabin abin da ya kawo su ba.

Abin da kake saye da tikitin Goodwood kusanci ne. Gudu kam kana iya kallonsa a talabijin, har ma ya fi fitowa sarai a can. Amma ka tsaya taku biyu daga motar da ta ci gasar duniya shekara 50 da suka wuce, makanikai na ɗumama injinta a gabanka, zafinsa na taɓa fuskarka, wannan sai ka je da ƙafarka. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na 1: Ka san bikin da za ka je

Sunansa Goodwood Festival of Speed. Ana yin sa kowace shekara a lokacin zafin Ingila, galibi a watan Yuli, a harabar gidan sarautar Goodwood da ke yankin West Sussex, kusa da garin Chichester a kudancin ƙasar. Mai gidan, Charles Gordon-Lennox, wanda a lokacin ake kira Lord March, yanzu kuma yake riƙe da sarautar Duke na Richmond, shi ya fara shi a 1993. Karon farko kimanin mutum 25,000 suka zo. Yau kwana 4 ake yi, Alhamis zuwa Lahadi, masu halarta kuma sun haura 200,000.

Abin gado ne a gidan. Kakansa, Freddie March, direban tsere ne, ya taɓa shirya gasar hawan tudu a wannan harabar a 1936, sannan a 1948 ya buɗe filin tsere a wani tsohon sansanin jiragen yaƙi da ke cikin gandun gidan. An daina gasa a filin a 1966, jikan kuma ya tashi da burin dawo da ƙarar inji gida.

Kada ka zaci fili ne da motoci ke zagayawa suna rige-rige. Hanya ce siririya da ta ratsa gaban gidan ta haura tudu, tsawonta kilomita 1.86, da lanƙwasa 9, an jera dammunan busasshiyar ciyawa a gefe da gefe. Motoci da babura na tashi ɗaya bayan ɗaya, rukuni-rukuni. Wasu na gudu da agogo, yawanci kuwa nuna kansu kawai suke yi, direba ya ƙona taya, ya juya mota a wuri ɗaya, ya ɗaga wa jama'a hannu.

Ka kula da suna wajen sayen tikiti. Gidan na da wasu tarukan motoci guda biyu, Goodwood Revival a watan Satumba, inda ake tseren tsofaffin motoci a wancan filin na 1948, da Members' Meeting a farkon shekara bayan sanyi ya ja baya. Dukansu na da daɗi, amma ba su ne wannan ba.

Mataki na 2: Zaɓen rana da sayen tikiti

Ba a sayar da tikiti a bakin ƙofa. Wanda ya taso ba shi da shi a hannu, sai ya koma. Ana fara sayarwa a shafin intanet na Goodwood tun ƙarshen shekarar da ta gabata, na Asabar kuma shi ke fara ƙarewa, sau da yawa watanni kafin bikin. Yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa na shiga kyauta tare da babba, matasa na samun rangwame, amma ka karanta sharuɗɗan shekarar da za ka je.

Wace rana? Ga ra'ayina. Alhamis ta fi araha, ta fi sarari, kana tafiya ba ka gogar kafaɗar kowa. Idan sababbin motocin kamfanoni ne suka fi jan hankalinka, ita ce ranarka. Juma'a ita nake ba mai zuwan farko shawara a kai, domin kusan komai ya kankama, jama'a kuma ba su kai na ƙarshen mako ba. Asabar da Lahadi su ne ranakun manyan direbobi, amma wurin kan cika maƙil. Lahadi na da wani abu nata na daban, wato gasar ƙarshe ta agogo, zan zo kanta a gaba.

Idan daga nesa za ka taso, har da jirgin sama da otal, to ka sayi kwana biyu. Dalilin farko shi ne yini ɗaya ba ya ɗaukar wurin. Na biyu shi ne sama ba ta da tabbas. A 2023 an soke ranar Asabar ɗungurungum saboda gargaɗin iska mai ƙarfi, karo na farko da yanayi ya hana yini guda a shekara 30 na bikin. Wanda ya ƙetaro teku da tikitin Asabar kaɗai, a otal ya yini.

Tikitin shiga ya ba ka kusan komai: gefen hanya, zangon motoci inda ake ajiye motocin da za su hau tudun, da dajin rali inda ake tsere a kan turɓaya. Kujerun dandamali masu hawa-hawa su ne ake biya daban. Idan kana tafe da dattijo, ko ƙananan yara, ko ƙafarka ba ta jure tsayuwa, ka saya, babu asara. Idan kai kaɗai ne kuma da ƙarfinka, zan ce ka bar su a zuwan farko, domin wanda ya biya kuɗin kujera yakan ji dole ya zauna a kanta, alhali daɗin wurin na cikin yawo.

Wanda fasfonsa ke buƙatar bizar Birtaniya, bizar baƙo ake nema, kuma a nema da wuri, tunda lokacin zafi ne kowa ke tururuwar tafiya.

Mataki na 3: Masauki da hanya

Ranar da ka sayi tikiti, ranar za ka kama ɗaki. Chichester ƙaramin gari ne, ɗakunansa na ƙarewa nan da nan, farashi kuma ya hau. Ka duba garuruwan da ke kusa, irin su Bognor Regis, Arundel, Worthing ko Portsmouth. Akwai kuma filin kafa tanti na bikin ga mai iya kwanan waje, shi ma da kuɗinsa daban.

Jirgin ƙasa ya fi min mota. Daga tashar Victoria ta Landan zuwa Chichester tafiyar awa ɗaya da rabi ce da ɗoriya, akwai kuma jirgin da ke bi ta filin jirgin sama na Gatwick. A tashar Chichester za ka tarar da bas-bas na musamman masu kai mutane wurin bikin su dawo da su. Ka duba lokacin jirgin ƙarshe tun da safe, musamman ranar Lahadi da jirage ke raguwa.

Idan ka zaɓi mota, wurin ajiyewa na gama-gari kyauta ne, a kan ciyawa. Amma hanyoyin ƙauye ne ƙanana, babbar hanyar A27 ma takan cushe. Ka bi allunan bikin da aka kafa a hanya ko da taswirar wayarka ta ce wani abu daban, domin a kwanakin nan ana sauya wa wasu hanyoyi alƙibla. A Ingila ta hagu ake tuƙi. Da ka ajiye motar, ka ɗauki hoton alamar layin da take. Da yamma, ka gaji, motoci dubbai sun yi kama da juna, za ka gode wa wannan hoton.

Mataki na 4: Abin da za ka sa da abin da za ka ɗauka

Takalmi ne kan gaba. Za ka yi tafiyar kilomitoci a kan ciyawa, tsakuwa da hawan tudu. Ka sa wanda ƙafarka ta saba da shi, ba sabo ba. Ƙasar yankin farar ƙasa ce mai alli, idan rana ta yi sai ƙura, idan ruwa ya sauka sai santsi da taɓo.

Yanayin Ingila na iya nuna maka fuska uku a yini ɗaya, don haka ka haɗa hula, man kariya daga rana da rigar ruwa mara nauyi a jaka ɗaya. Rigar ruwa ta fi laima, domin laima na tare wa na bayanka kallo. Ka ɗauki gorar ruwa, da ma'ajiyar caji ta waya, da katin banki. Layin waya yakan yi nauyi idan jama'a sun taru, saboda haka ka sauke tikitinka da jadawalin ranar tun daga masauki.

Sai abin toshe kunne. Kada ka raina shi. Tsofaffin motocin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, masu injin silinda 10 ko 12 ƙararsu na huda kunne, kuma a zangon motoci babu tazara tsakaninka da salansa. Yaro kuwa a saya masa irin wanda ke rufe kunne gaba ɗaya, a sa masa tun kafin a shiga.

An yarda mutum ya shigo da abincinsa, kuma na ga hikimar hakan. Abincin ciki na da tsada, layinsa na cin lokaci da tsakar rana, kuma naman alade ya yawaita a rumfunan, wanda ba ya ci sai ya yi tambaya kafin ya saya.

Mataki na 5: Ka yi sammako, ka nufi zangon motoci kai tsaye

Ana buɗe ƙofa da misalin ƙarfe 7 na safe. Ka kasance cikin na farko. Awa biyun nan na safiya sun fi kowane lokaci daraja, kuma a zangon motoci ya kamata ka kashe su, wato rumfunan da ake ajiye motocin da za su hau tudun.

A manyan gasanni irin na Formula 1, wannan sashe a kulle yake, sai mai kati na musamman. A Goodwood mai tikitin gama-gari na shiga ya bi rumfa-rumfa. Da safe za ka tarar ana yaye wa motoci mayafi, raɓa na kan ciyawa, makanikai na shan shayi, ba kowa a gabanka. Kana iya durƙusawa ka leƙa kujerar direba, ka ga yadda sitiyari ya goge saboda hannu, ka ga ƙanƙantar wurin da mutum ke cusa jikinsa ya yi gudun da ya haura kilomita 300 a awa. A hoto waɗannan motoci kan yi girma. A zahiri wasunsu ba su kai ƙugunka tsawo ba, kuma tsakanin direban shekarun 1960 da tankin mai babu komai sai siririn ƙarfe. Sai ka tsaya a gabansu kake gane irin zuciyar mutanen da suka tuƙa su.

Ka nemi inda ake shirin tayar da inji, ka tsaya. Tsohuwar motar tsere ba a murɗa mata makulli kawai ta tashi. Wasu sai an ɗumama mai da ruwa tukuna, wasu sai an soka musu na'urar tayarwa ta baya, wasu sai an tura. Makanike zai ɗaga hannu, kowa ya ja baya, a yi tsit, sannan abin ya fashe. Idan ka yi sa'a shekarar da ka je an kawo Fiat S76, wadda ake wa laƙabi da dodon Turin, kada ka bari ta wuce ka. An ƙera ta tun wajen 1910 don neman kambun gudu, injinta ya haura lita 28, wuta na fita ta gefenta a fili, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka.

Ka yi magana da mutane. Masu motocin da makanikansu yawanci na son a tambaye su, in dai ba a tsakiyar aiki suke ba. Tambaya mai sauƙi ta isa: shekarar motar nawa, wa ya tuƙa ta, mene ne ya fi ba su wahala wajen kula da ita. Na taɓa tsayawa wajen wani dattijo da ke goge wani ɗan ƙarfe da tsumma, na tambaye shi amfaninsa, ya kwashe kusan minti 20 yana nuna min yadda suka sake ƙera shi da hannu saboda babu inda ake sayar da irinsa a duniya. Wannan hirar ta fi zauna min a rai fiye da duk gudun da na gani ranar.

Ladabin wurin kaɗan ne amma ana riƙe shi da gaske. Ba a taɓa mota sai da izini, ba a jingina da ita, a kuma kula da maɗaurin jaka kada ya karce fenti. Idan ka ji usur ko ka ga jami'ai na buɗe hannu, mota ce ke tafe ta cikin jama'a, ka matsa nan take, ka riƙe hannun yaronka.

Direbobi ma nan suke bi. Wajen da motoci ke taruwa kafin su nufi layin tashi shi ne inda aka fi ganinsu. Ana tsara ranakun bikin yadda galibi ba sa cin karo da gasar Formula 1, shi ya sa ƙungiyoyin ke samun zuwa. Gwarzon tseren babura Valentino Rossi ya zo a 2015. A 2023 tsohon zakaran Formula 1 Sebastian Vettel ya hau tudun da motar Williams da Nigel Mansell ya ci gasar 1992 da ita, da kuma McLaren ta Ayrton Senna, dukansu da man da ba na haƙowa daga ƙasa ba. Zakaran Formula 1 na lokacin, Max Verstappen, ya zo a 2024. Idan kana son sa hannun wani, ka riƙe alƙalami da abin rubutawa a shirye, ka yi haƙuri, idan ya wuce bai tsaya ba kada ka bi shi.

Mataki na 6: Inda za ka tsaya a gefen hanya

Wajen ƙarfe 9 zuwa 10, lokacin da zangon ya fara cika, ka koma gefen hanya. Jadawalin ranar na nuna lokacin kowane rukuni, kuma yawancin rukunai sau biyu suke hawa a yini, da safe da kuma bayan azahar. Wannan ilimi ne mai amfani. Ka zaɓi rukuni uku ko huɗu da ba ka son rasawa, ka kalle su daga wuri ɗaya da safe, daga wani wurin da yamma. Sauran ka bar su su zo maka yadda suka zo. Ba a tauna taura biyu a lokaci guda, a nan kuwa taurar ta fi goma.

Kowane wuri da abin da yake bayarwa. A layin tashi za ka ga direba ya saki kuloci, taya ta yi hayaƙi, ƙara ta kai maƙura. A gaban gidan nan ne ake wasa da mota, kuma nan ne hoto ya fi kyau, sai dai nan ne cincirindon ya fi yawa. Idan ka haura gaba za ka iso Molecomb, kwanar hagu da ta fi kowace kayar da direbobi. Dalili shi ne mota na isowa da gudu sosai, hanyar kuma ta ɗan yi doro kafin kwanar, direba ba ya ganin inda zai karya sai ya riga ya taka birki. Wanda ya makara da ƙiris, sai dammunan ciyawa. Ni a nan na fi son tsayawa, domin a nan ake bambance mai nuna mota da mai tuƙi da gaske. Daga can sai hanyar ta matse ta bi gefen wata tsohuwar katangar duwatsu da ake kira Flint Wall, inda motoci ke wucewa kamar za su goge ta.

Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce, iya hawanka tudu iya raguwar jama'a. Mutane da yawa ba sa wuce gaban gidan. Tafiyar minti 15 zuwa sama na iya ba ka wuri a jikin shinge ba tare da turereniya ba.

Akwai manyan allunan talabijin da lasifika a wurare da dama, suna taimaka maka ka san motar da ke tafe. Amma ka rage ɗaukar bidiyo. Mota na wucewa kamar ƙiftawar ido, idan idonka na kan waya, ba ka gan ta ba, bidiyon kuma ba zai kai wanda masu bikin ke sakawa a intanet ba. Ka ɗauki biyu ko uku, ka mayar da wayar aljihu.

Kada ka ƙetara hanya sai ta gada ko ta mashigar da jami'ai suka buɗe tsakanin rukunai, kada ka hau kan dammunan ciyawa, kada ka ɗora yaro a kan shinge. Wasa ne mai haɗari na gaske. A shekarar 2000 an yi hatsari kusa da ƙarshen hanyar wanda ya ci ran direba da ɗaya daga cikin masu kula da hanya. Idan jami'i ya ce ka ja baya, ya san abin da ya gani.

Mataki na 7: Ka hau har ƙoli, ka shiga daji

Mutane da yawa na komawa gida ba su san akwai wannan sashe ba, abin kuma na ba ni takaici. A saman tudun akwai dajin da aka yanka wa hanyar rali, wato tseren da ake yi a kan turɓaya tsakanin bishiyoyi. Hannu Mikkola, ɗan ƙasar Finland da ya ci gasar rali ta duniya a 1983, yana cikin waɗanda suka tsara ta. Ana iya hawa da ƙafa, akwai kuma taraktoci masu jan tirela da ke kai mutane. Idan layin tarakta ya yi tsawo, ƙafa ta fi sauri.

Duniyar can daban take. Akwai inuwa, jama'a kaɗan ne, motoci na fitowa daga cikin bishiyoyi a karkace, suna tsalle, suna watsa tsakuwa da farar ƙura da za ta bi ka har masauki. Ka nemi motocin rukunin B na shekarun 1980, irin su Audi Quattro, Lancia 037 da Peugeot 205 T16, waɗanda ƙarfinsu ya yi yawa har aka haramta rukunin bayan munanan hatsarurrukan 1986. Zangon motocin rali ma a buɗe yake, mutanensa kuma sun fi sakin jiki.

Kusa da nan ne motocin da suka gama hawan tudu ke taruwa su jira sauran rukuninsu kafin su gangaro tare. Direbobi na fitowa, su cire hular kwano, su tsaya suna hira da juna. Tsakar rana, lokacin da ƙasa ta cika ta batse, shi ne lokacin da ya fi dacewa ka kasance a sama. Ka ci abincinka a can.

Mataki na 8: Gangarowa

Bayan azahar ka gangaro sannu a hankali, kana tsayawa a wuraren da ka tsallake. A gaban gidan za ka ga ƙatuwar ƙirar ƙarfe da ta tashi sama, sau da yawa da motoci na gaske a maƙale a jikinta. Kowace shekara sabuwa ake yi don karrama wani kamfani, kuma Gerry Judah ne ya tsara mafi yawansu tun 1997. A 2022 BMW aka karrama, a 2023 Porsche, a 2024 MG. A barandar gidan kuma akan fito da wani gwarzon direba jama'a su yi masa tafi, lokacin na cikin jadawali.

Sauran sassan ka ɗauki abin da ranka ke so. Akwai farfajiyar Cartier ta motocin da ake gasar kyau da su, akwai zangon motocin alfarma na zamani, akwai Future Lab na sababbin fasahohi, akwai filin masu tsalle da babura wanda yara ke so ƙwarai. Kamfanin gwanjo na Bonhams na yin kasuwarsa a lokacin bikin, a nan ne a 2013 aka sayar da Mercedes W196 da Juan Manuel Fangio ya tuƙa a kan kimanin fam miliyan 19.6. A shekaru da yawa jiragen Red Arrows na rundunar saman Birtaniya na yin wasa a sama. Rumfunan manyan kamfanoni na da kyau, amma idan layi ya yi tsawo ka wuce, domin sabuwar mota za ka gan ta a titi nan da shekara ɗaya, ta 1930 kuwa ba lallai ka sake haɗuwa da ita ba.

Mataki na 9: Idan ranarka Lahadi ce

Da yammacin Lahadi ake gasar ƙarshe ta agogo, inda waɗanda suka fi sauri ke hawa ɗaya bayan ɗaya, mafi sauri a ƙarshe. Ka kama wuri aƙalla minti 45 kafin a fara, inda kana ganin hanya kana kuma ganin allo.

Ka san lambobin da ake fafatawa da su, kallon zai fi ma'ana. A 1999 Nick Heidfeld ya hau tudun cikin daƙiƙa 41.6 da McLaren MP4/13. Daga baya aka daina auna lokacin motocin Formula 1 na zamani saboda tsaro, lambar tasa ta zauna shekara 20 ba wanda ya taɓa ta. A 2019 Romain Dumas ya yi 39.9 da Volkswagen ID.R mai aiki da lantarki, a zagayen share fage. Sai a 2022 Max Chilton ya yi 39.08 da McMurtry Spéirling, 'yar ƙaramar mota mai lantarki wadda ke da fanka a ƙarƙashinta tana zuƙe iska, tana manna motar da ƙasa tun kafin ta motsa. Ƙararta ba ta inji ba ce, ta fi kama da ta jirgin sama, tana barin ƙura a bayanta. Wanda ya saurari dodon Turin da safe ya kuma ga irin wannan da yamma, ya ga shekara fiye da 100 na ƙirar mota a kan hanya ɗaya.

Mataki na 10: Fita

Da rukunin ƙarshe ya sauko, kowa zai nufi ƙofa lokaci guda, layin bas ya miƙe, filin ajiye motoci ya tsaya cak. Zaɓi biyu gare ka. Ko ka fita awa ɗaya kafin a tashi, ko ka yi zamanka har cunkoson ya sarara. Idan ba jirgin ƙarshe ke jiranka ba, ka zaɓi na biyu. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa a kudancin Ingila sai wajen ƙarfe 9 na dare, haske na nan da yawa.

Ka koma zangon motocin da ka fara da shi da safe. Jama'a sun watse, injuna na hucewa suna ɗan ƙas-ƙas, makanikai na share mai daga jikin ƙarfe, wasu na tura mota cikin tirela. A wannan lokacin ne suka fi samun sukunin amsa tambaya, wani ma ya buɗe maka murfin inji ka leƙa ciki. Ka duba agogo saboda bas ɗin ƙarshe zuwa Chichester, ka cire abin toshe kunnenka, ka bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya har ka iso ƙofa.